Injin Sanyi Mai Majaujawa: Yadda Yake Aiki da Yadda Ake Kula da Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga babban asibiti, ko otal mai hawa da yawa, ko zauren jiran jirgin sama, zai lura da cewa akwai sanyi a kowane lungu, alhali kuwa babu akwatin iyakwandishan ko ɗaya a jikin taga. Wannan sanyi daga wani ɗaki guda yake tasowa, wanda galibi akan gina shi a ƙarƙashin ƙasa ko a bayan gini. A can ne ake girke wani babban inji wanda aikinsa shi ne sanyaya ruwa, sa'an nan a tura ruwan cikin bututu zuwa ɗakuna. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalin wannan inji, da sassansa, da hanyar da yake bi wajen kwashe zafi, da kuma abubuwan da mai kula da shi ya wajaba ya kiyaye. Da yake yawancin sassan ba su da sunayen Hausa tsayayyu, an laƙaba musu sunaye gwargwadon aikin da kowannensu yake yi.

Sanin wannan inji yana da muhimmanci domin a yawancin manyan gine-gine na ƙasashe masu zafi shi ne kan gaba wajen cin wutar lantarki, yana kuma shan ruwa mai yawa. In an yi sakaci da shi yakan jawo asarar dukiya, wani lokaci ma har da ta rayuka.

Asalin Injin

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Willis Carrier, wanda ya rayu daga 1876 zuwa 1950, shi ne ya ƙago wannan inji. A shekarar 1902 ya tsara na'urar daidaita laimar iska domin wata maɗaba'a da ke Brooklyn, inda laima take sa takarda ta kumbura har launukan bugu su kauce wa juna. Injinan sanyi na wancan zamani da fistin suke aiki, kuma mafi yawansu sinadarin amoniya suke amfani da shi. Amoniya kuwa guba ce, saboda haka ana ɗar-ɗar da girke irin waɗannan injina a wurin da jama'a suke taruwa.

A shekarar 1922 Carrier ya nuna wa jama'a sabon injinsa a garin Newark. Maimakon fistin sai ya sa farfela mai juyawa da sauri, ya kuma sauya amoniya da wani sinadari mai ƙarancin haɗari. A 1924 aka girke irin wannan inji a kantin J. L. Hudson na birnin Detroit, a 1925 kuma aka sa shi a gidan siliman Rivoli na birnin New York. Daga nan ne sanyaya manyan gine-gine domin jin daɗin mutane ya fara yaɗuwa, bayan a da masana'antu ne kawai suka fi damuwa da abin.

Tushen Al'amarin

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, babu injin da yake ƙera sanyi. Abin da ake kira sanyi ƙarancin zafi ne, saboda haka aikin injin shi ne ɗauke zafi daga wani wuri ya kai shi wani wuri. Shi kuwa zafi a ɗabi'arsa daga abu mai zafi yake gangarawa zuwa abu mai sanyi, kamar yadda ruwa yake bin gangare. Kai shi sama, watau daga ɗaki mai sanyi zuwa waje mai zafi, sai an yi amfani da ƙarfi.

Abu na biyu shi ne, duk lokacin da ruwa ya zama tururi yakan tafi da zafi mai yawa. Wannan ne sirrin randa da tulu. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, abin da ya rage a ciki ya yi sanyi. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a Jihar Jigawa domin adana kayan lambu, har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Kowace lita guda ta ruwa da ta bushe takan tafi da zafin da ya kai kimanin kilojul 2,400.

Abu na uku shi ne, zafin da ruwa yake tafasa a kansa ya danganta da matsin da ke kansa. In an rage matsi sai ya tafasa da wuri, in an ƙara matsi sai ya jinkirta. Akwai kuma sinadaran da suke tafasa tun ba su yi ɗumi ba. Alal misali, sinadarin da ake kira R-134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifiri in an bar shi a sarari. Da waɗannan ƙa'idoji uku aka gina injin baki ɗayansa.

Sassa Huɗu da Zagayen Sinadari

Sinadarin sanyi, wanda masu gyaran firji suke kira gas, yana zagayawa ne cikin sassa huɗu ba tare da ya fita ba.

Sashe na farko shi ne tukunyar tafasa. Wannan wata doguwar ganga ce ta ƙarfe, a cikinta an jera ɗaruruwan siraran bututu na tagulla. Ruwan da ya dawo daga ɗakuna, da zafin kimanin digiri 12, yana bi ta cikin bututun, sinadari kuwa yana kewaye da su ta waje. Da yake matsin cikin gangar kaɗan ne, sinadarin yana tafasa a kimanin digiri 4 ko 5, ya tsotse zafin ruwan ya zama tururi. Ruwan sai ya fita da sanyin kimanin digiri 7, famfo ya sake tura shi cikin gini.

Sashe na biyu shi ne kwamfaresa, wadda ita ce zuciyar injin, kuma daga gare ta ya sami sunansa. Yaron da yake korar tsuntsaye a gona yakan juya majaujawa a kansa har dutse ya sami gudu, sa'an nan ya sake shi. Haka farfelar kwamfaresa take yi. Tana zuƙo tururin sinadari ta tsakiyarta, ta wurga shi gefe da gudu mai tsanani, domin takan juya daga sau 3,000 zuwa fiye da sau 10,000 a minti guda, gwargwadon ƙirarta. Da tururin ya bar bakin farfela sai ya faɗa wata hanya mai buɗewa a hankali, inda gudunsa yake raguwa, matsinsa da zafinsa kuma su ƙaru. A injin da yake amfani da R-134a, matsin yakan kusa ninkawa uku.

Sashe na uku shi ne tukunyar raɓa. Ƙirarta kusan ɗaya da ta farkon, sai dai aikinta kishiya ne. Tururi mai zafi yana sauka a kan bututun da wani ruwa dabam yake bi ta cikinsu. Wannan ruwa yakan shigo da zafin kimanin digiri 29 ko 30, ya fita da kimanin digiri 35. Da tururin ya taɓa jikin bututu sai ya miƙa zafinsa ya koma ruwa-ruwa, kamar yadda tururin miya yake taruwa a ƙarƙashin murfin tukunya yana ɗiga.

Sashe na huɗu shi ne maƙogwaro, watau wata ƙuntatacciyar kafa ko bawul da ke tsakanin tukwanen biyu. Sinadarin da ya koma ruwa-ruwa yana matsowa ta wannan kafa, matsinsa ya faɗi nan take, ya yi sanyi, ya koma tukunyar tafasa domin ya sake ɗibar zafi.

Hasumiyar Fifita

Zafin da aka tara a tukunyar raɓa dole ne a zubar da shi waje. Wannan shi ne aikin hasumiyar fifita, wadda akan kafa a kan rufin gini ko a fili. Ruwan da ya ɗauko zafi ana yayyafa shi daga sama, ya gangaro ta kan wasu faranta masu yawa, wata babbar fanka kuma tana jan iska ta tsakaninsu. Kaɗan daga cikin ruwan yana bushewa, kimanin kashi 1 cikin 100 a kowane zagaye, sauran ya huce ya koma tukunyar raɓa. A taƙaice dai hasumiyar randa ce babba wadda aka haɗa da fanka.

Ke nan hanyoyi uku ne suke zagaye a lokaci guda ba tare da sun gauraya ba: ruwan sanyi tsakanin ɗakuna da tukunyar tafasa, sinadari tsakanin tukwane biyu, da ruwan hasumiya tsakanin tukunyar raɓa da sararin sama. Zafin jikin mutum da ke zaune a ofis yana bin waɗannan hanyoyi ne ɗaya bayan ɗaya har ya fice.

Dalilin zaɓen ruwa a matsayin ɗan aike kuwa shi ne, ruwa yana ɗaukar zafin da ya ninka na iska mai yawansa kimanin sau 3,500. Saboda haka bututu siriri yakan yi aikin da sai an gina ƙaton rami kafin iska ta yi shi, kuma ana iya kai sanyi nesa. Masallacin Annabi da ke Madina misali ne, domin tashar da take sanyaya masa ruwa tana da nisan kimanin kilomita 7 daga gare shi.

Awon Ƙarfin Inji

Ana auna ƙarfin injin sanyi da tan. Asalin wannan awo daga zamanin cinikin ƙanƙara ne a Amurka. Tan guda na sanyi shi ne zafin da zai narkar da ƙanƙara mai nauyin kilo 907 cikin sa'o'i 24, watau kimanin kilowat 3.5. Iyakwandishan na ɗaki guda yakan kai tan 1 ko kusa da haka, shi kuwa inji mai majaujawa yakan tashi daga ɗaruruwan tan zuwa dubbai.

A ɗauki inji mai tan 500. In yana cikin ƙoshin lafiya zai ci wutar da ba ta wuce kimanin kilowat 0.6 ba a kan kowane tan, watau kilowat 300, ya kwashe zafin da ya kai kilowat 1,750. Ma'ana, kowane kilowat guda na lantarki yana ɗauke kusan kilowat 6 na zafi. Ƙananan na'urorin ɗaki 500 da za su yi wannan aiki sai sun ci kusan ninki biyu na wannan wuta. Sai dai ya kamata a tuna cewa famfuna da fankar hasumiya su ma suna da nasu rabo na wuta, kuma hasumiyar inji mai wannan girma takan busar da fiye da lita 3,000 na ruwa a kowace sa'a in ana aiki sosai. Don haka a wurin da ruwa yake da wuya ko tsada, sau da yawa akan gwammace injin da iska take fifita shi, ko da ya fi cin wuta.

Tayarwa da Tsayarwa

Tayar da injin yana da jeri wanda ba a tsallakewa. Da farko akan tabbatar man inji yana da ɗumi, domin in ya yi sanyi sinadari yakan narke a cikinsa, ya yi kumfa, ya kasa shafe boris. Saboda wannan ne ake barin abin ɗumama mai a kunne ko da injin yana hutawa. Sa'an nan a kunna famfon ruwan sanyi, a bi da famfon hasumiya, a tabbatar ruwa yana gudu a duka hanyoyin biyu. Bayan haka famfon mai ya tashi, daga ƙarshe kwamfaresa. In aka tayar da ita babu ruwa yana gudu a tukunyar tafasa, ruwan da ke kwance cikin bututu yana iya daskarewa ya fasa su, ruwa ya shiga cikin sinadari, wanda gyaransa yana daga cikin mafi tsada.

Wajen tsayarwa akan juya jerin. Kwamfaresa ce take fara tsayawa, mai kuma ya ci gaba da zuba har farfela ta daina juyawa, famfunan ruwa su biyo baya. Har ila yau ba a yawaita tayarwa a jere, domin kowace tayarwa tana zafafa injin lantarkin. A wuraren da wuta take yawan ɗaukewa wannan doka tana da nauyi ƙwarai, kuma kuskure ne babba a cire na'urar jinkiri don gaggawar dawo da sanyi. Akwai sababbin injina waɗanda maganaɗisu yake riƙe da sandar farfelarsu a sarari, ba su buƙatar mai ko kaɗan, amma sauran dokokin suna kansu.

Ba kullum gini yake buƙatar cikakken sanyi ba. In buƙata ta ragu, akwai wasu fukafukai a bakin kwamfaresa waɗanda suke rufewa kaɗan-kaɗan su rage tururin da ke shiga. Injinan zamani kuma suna da na'urar rage gudun farfela, wadda take rage cin wuta sosai, musamman lokacin da ruwan hasumiya ya yi sanyi.

Shaƙuwa da Dauɗar Bututu

Ciwon da ya keɓanta da irin wannan inji shi ne wanda za a iya kira shaƙuwa. Kwamfaresa mai fistin tana tura tururi ne da ƙarfin tsiya, ita kuwa mai majaujawa da gudu kaɗai ta dogara. In matsin tukunyar raɓa ya yi yawa, ko tururin da ke shigowa ya yi kaɗan, farfela takan kasa, tururi ya komo da baya ta cikinta, ta sake tura shi, ya sake komowa bayan 'yan daƙiƙoƙi. Mai kula zai ji ƙara mai hawa da sauka, ya ga ma'aunin wuta yana lilo. In abin ya daɗe yakan lalata boris da farfela.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Shaƙuwa alama ce ta wata matsala, galibi a ɓangaren hasumiya: ko fanka ta mutu, ko ruwa ya ragu, ko bututu sun yi dauɗa. Ruwan da yake bushewa yana barin gishirinsa a baya, kamar farin ɓawon da yake kama gindin butar shayi. Wannan ɓawo, tare da laka da gansakuka, yana lulluɓe cikin bututu ya hana zafi wucewa. Hanyar gane shi ita ce a duba tazarar da ke tsakanin zafin sinadari a tukunyar raɓa da zafin ruwan da ke fita daga cikinta. A bututu mai tsabta tazarar ba ta cika wuce digiri 1 ba, in ta kai 2 ko 3 lokacin wanki ya yi. Kowane digiri guda da ya ƙaru yakan ƙara cin wuta da kimanin kashi 2 cikin 100 ko fiye. Maganin abin shi ne a riƙa zubar da wani kaso na ruwan hasumiya ana maye shi da sabo, a sa magungunan hana ɓawo da tsatsa, a kuma goge bututu da burushi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Yanayin ƙasar Hausa yana da fuska biyu game da wannan. Busasshiyar iskar hunturu tana sa hasumiya ta huce ruwa fiye da kowane lokaci, amma kuma ƙurar da take ɗauke da ita tana taruwa a cikin ruwan ta zama laka. Da damina kuwa laima takan rage ƙarfin hasumiya.

Wasu injina suna amfani da sinadarai masu ƙarancin matsi, irin su R-123 wanda yake tafasa a kimanin digiri 28. A irin waɗannan, matsin tukunyar tafasa bai kai na iskar waje ba, saboda haka in akwai ɓula iska ce take kutsawa ciki. Akan haɗa musu wata ƙaramar na'ura mai fitar da iskar, kuma yawan aikinta shaida ce cewa akwai inda yake yoyo. Duk waɗannan abubuwa ba a gane su sai da littafin rajista, wanda mai kula yake rubuta zafi da matsi da wutar da aka ci a kowane zama, domin lalacewar inji a hankali take zuwa.

Lafiyar Jama'a da Muhalli

A watan Yuli na 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a otal ɗin Bellevue-Stratford na birnin Philadelphia. Bayan an watse fiye da mutum 180 suka kamu da ciwon huhu, kimanin 30 suka rasu. A farkon 1977 aka gano ƙwayar cutar, aka sa mata suna Legionella, aka kuma fi zargin na'urar sanyaya otal ɗin. Wannan ƙwaya tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, watau daidai da zafin ruwan hasumiya, kuma feshin da fanka take fitarwa yana iya kai ta huhun mutane. Saboda haka wajibi ne a riƙa sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a wanke hasumiya a kan kari, kada kuma a kafa ta kusa da inda iska take shiga gini, musamman a asibiti.

Sinadarin sanyi shi ma yana da tarihinsa. Shekaru da dama R-11 ne aka fi amfani da shi a injina masu majaujawa. A 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa irin waɗannan sinadarai suna cinye iskar ozon da take kare duniya daga cutarwar hasken rana. A 1985 aka ba da rahoton ɓular ozon a saman Antatika, a 1987 kuma ƙasashe suka ƙulla Yarjejeniyar Montreal. Ƙasashe masu arziki suka daina yin R-11 a 1996, masu tasowa kuma a 2010. Waɗanda suka maye gurbinsa su ma aka sami aibinsu. R-134a ba ya taɓa ozon, amma kilo guda nasa yana ɗumama duniya kamar kilo 1,400 na iskar kabon. Wannan ya sa a 2016 aka yi wa yarjejeniyar gyara a birnin Kigali na Ruwanda domin rage irinsa, aka kuma fito da sababbin sinadarai kamar R-1233zd masu ƙarancin illa. Darasin da ke nan ga mai kula da inji shi ne, ba a sakin sinadari a iska lokacin gyara, tattara shi ake yi a tukunya ta musamman.

Kammalawa

An ga cewa injin sanyi mai majaujawa ɗan dako ne na zafi, wanda yake karɓarsa daga ruwan ɗakuna, ya ɗaga shi da gudun farfela, ya miƙa wa ruwan hasumiya, iska ta tafi da shi. An kuma ga cewa yawancin matsalolinsa daga ruwa suke farawa, kuma littafin rajista ne yake tona su tun suna ƙanana. Sunayen da aka yi amfani da su a nan, irin su tukunyar tafasa da tukunyar raɓa da hasumiyar fifita da shaƙuwa, shawara ce kurum. Ya rage ga malamai da ɗaliban harshe su gwada su a bakin injiniyoyi da masu gyara, su ga waɗanda za su zauna da waɗanda suke buƙatar a sake musu suna.